Takardun Farfesa Sa'idu a Hannun Magada

Ku yaran yanzu masu injin huda da zoben roba, na ji ana cewa kuna yi mini dariya, wai ina yini a kan littafin da ku kuke gamawa kafin shayi ya huce. Ku yi dariyarku, ba ta kashe kowa. Ni ma da nake kamarku na ɗauka ɗinkin littafi bai wuce a tara takardu a soka allura ba. Tunda yau an ɗauke wuta injinanku sun yi tsit, kun taru a bencina kuna hamma, bari in ba ku labarin aikin da ya fi kowanne nauyi a hannuna, ku gaya mini maɓallin da za a danna ya yi shi.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Baba Matiyu shi ne dama koko. Baba Matiyu mutumin kudu ne, Kirista, jirgin ƙasa ya kawo shi Kaura yana saurayi, ya ga nan dogo ya ƙare, ya ce to shi ma tafiyarsa ta ƙare. Mahaifina manomin gero ne, ya lura fartanya ba ta ƙaunata ni ma ba na ƙaunarta, sai ya kamo hannuna ya danƙa wa wannan mutumi. Kokon ba na sha ba ne, na liƙa takarda ne. Garin rogo ake damawa a kan wuta da ruwan ganyen dogon yaro, don ɗacin ya hana gara da kyankyaso kusantar littafi. In ka bari ya yi gudaji Baba Matiyu ba ya yi maka faɗa, cokali yake miƙo maka ya ce ka shanye, tunda kunu ka ga damar damawa. Damina ta zo ta wuce ina bakin murhu kafin ya bar ni in riƙe allura.

Kayan aikinsa su ne waɗannan da kuke gani, ban ƙara kome a kansu ba sai tabarau. Ga basilla ta huda gefen takarda, ga zare da ake ja a cikin kakin zuma har ya daina kumbura, ga ƙashin haƙarƙarin saniya da aka goge ya yi santsi, da shi ake kwantar da ninki. Matsin can na ƙarfe wani maƙerin tasha ya haɗa masa, guntun ƙarfen dogon da ke kansa kuma shi ne mai danne littafi ya kwana ya miƙe. Bango na ƙwarai da jar fatar akuya muke yi, wadda dukawa ke kawowa. Wuƙar yanka ita ce ƙarshen abin da ya koya mini, kuma ranar da ya ba ni ita sai da ya riƙe ƙotar ya ƙi saki. Ya ce, "Isa, duk abin da ka ɗinka ba daidai ba ana warwarewa. Abin da ka yanke ya tafi ke nan. Kada ka yanka takardar da ba ka duba ba, sama da ƙasa."

Masu kawo aiki kuwa babu irin wanda ban gani ba. Ɗaliban kwaleji da kundin kammala karatu, kullum sai ranar da za a karɓa suke zuwa, kamar ni na hana su rubutawa da wuri. Masu coci da littafin waƙoƙin da ya sha hannu ya rabu da bangonsa. Malaman zaure da littattafansu na warwaro a cikin gafaka, su ba sa son a ɗinka, gafakar kawai za a sabunta. A wurinsu na fara ganin dabarar magabata ta jera shafi ba da lamba ba. A gindin kowane shafi, can ƙasa a lungu, marubuci yakan sa kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Ko iska ta watsa littafin, sai ka bi kalmar gindi ka nemo mai bi mata, har ka mayar da shi yadda yake.

Aikin farko da Farfesa Sa'idu ya kawo mini wani tsohon littafin Turanci ne da bayansa ya karye. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, ɗan malamin zaure, ya yi shekarunsa yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata jami'a mai nisa, da ya ajiye aiki ya dawo Kaura ya zauna. Ban taɓa ganin mai ilimi irinsa da ba ya son nuna shi ba. Ya ce zai jira, ya zauna a kan bencin nan. Ana haka wani ɗalibi ya shigo da kundinsa da aka dawo masa da shi, yana huci, yana rantsuwa ya bar karatu daga yau. Ni na buɗe baki zan yi masa wa'azin haƙuri, sai Farfesa ya matsa masa wuri. Bai ce yi haƙuri ba, bai ce laifin wane ne ba. Abin da ya ce kawai, "Ya yi maka ciwo ƙwarai." Sai yaro ya ɓalle da magana, daga kundi ya koma kan mahaifinsa da ya sayar da shanun huɗa don karatun nan, daga nan ya koma kan tsoron komawa gida hannu biyu. Da ya gaji don kansa ya ce, "Bari dai in je in gyara babin nan." Ya ɗauki kayansa ya fita har da godiya.

Na ce, "Farfesa, ashe ku albashin shiru ake biyanku?"

Ya yi dariya har ya cire hula. Ya ce a fanninsu akwai masu fara duba abin da ya lalace a jikin mutum, shi kuwa yana cikin masu ganin mutum ba rediyo ba ne da za a buɗe a nemo wayar da ta tsinke. A ganinsa kowa na ɗauke da hanyar fitarsa a cikinsa, abin da yake rasa shi ne wanda zai saurare shi ba tare da yanke masa hukunci ba. Ni dai na gyaɗa kai don girmamawa, a zuciyata ina cewa wannan sana'a ta fi tawa sauƙi. Daga baya na gwada ta a kan maƙwabcina, ban kai ko'ina ba na katse shi na ba shi shawara.

Da muka saba ya kai ni ɗakin karatunsa in duba masa littattafan da ke son gyara. Nan na ga takardunsa, tsibi-tsibi a kan kanta da kan tabarma, duka rubutun hannu. Wasu darussa ne da Turanci, amma mafi yawa da Hausa, hirarraki da manoma da makiyaya da matan da suka rasa mazajensu, ya sauya musu suna, ya rubuta abin da suka ce da abin da shi ya koya daga gare su. Babu lamba ko ɗaya. Kowane shafi da kalmarsa a gindi, yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Na ce ya kawo in ɗinka masa tun ido na ganin ido, ya ce sai ya ƙara kaɗan.

Sai mummunar shekarar nan ta zo, wadda ku ma kun san ta, lokacin da hanyoyi suka ƙi biyuwa, aka rufe kasuwanni, waya ta daina shiga. Ɗalibai suka watse, shago ya koma wurin kwanan ɓeraye, har kokon da na dama suka cinye duk da ɗacinsa. Fartanyar da na guje wa ina yaro ita na koma na roƙa gafara. Mutanen ƙauyuka suka cika gari da tabarmi a ka. A shekarar da kowa ke neman inda zai ɓuya, wannan dattijo ya sa ɗansa Lawali yana goya shi a babur zuwa duk inda masu gudun hijira suka sauka, a Zurmi da gefen Kaura, ya zauna a ƙasa tare da su yana saurare. Ba shi da buhun hatsin rabawa, amma na ji da kunnena wata tsohuwa na cewa tun da ta baro gida sai ranar ta samu barci. Bayan lafawar abin da kaɗan ciwo ya kama shi, Allah ya karɓi abinsa.

To ga inda aikina ya faro. Ya bar 'ya'ya uku: Alhaji Bashir mai sayar da hatsi a Shinkafi, da Lawali da ke noma gonar gidansu a Zurmi, da Malama Rabi da ke koyarwa a nan Kaura. Ranar rasuwa mata suka share ɗakin karatu don masu gaisuwa, suka kwashe tsibin nan duka suka zuba a kwalaye yadda hannu ya kama. Da aka zo rabon gado malamin da ke rabo ya ce takarda ba ta da kima, amma kowa ya ce yana son albarkar rubutun mahaifinsa. Sai aka yi yadda ake yi da littattafan malamai, aka jibge su wuri guda aka auna da taƙi, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Babu wanda ya yi mugunta. Sai dai kowace hira ta rabu uku, kanta a Shinkafi, cikinta a Kaura, ƙafarta a Zurmi.

Ba a daɗe ba jami'ar da ya koyar ta aiko wa Malama Rabi cewa suna son rubuce-rubucensa a ɗakin adana littattafansu, masu karatu su amfana. Sharaɗinsu shi ne a kawo su cikakku, a jere, a ɗinke, kuma za su turo mai karɓa bayan kaka. Ta zo da nata kason a ɗaure cikin zane ta ajiye a teburin nan. Ta ce, "Baba Isa, in ba a haɗa su bana ba, gara ta gada. Aikin rayuwatai na."

Kason Malama na fara shimfiɗawa a tabarma, ina bin kalmar gindi, shafi na kiran shafi, sai a yi gaba kaɗan a tsaya cik don mai bi yana wani gari. Alhaji Bashir bai yi gardama ba, da kansa ya kawo nasa, yana fara'a, ya ce ya ma rage mini aiki. Ashe don ƙaunar mahaifinsa ya kai wani shago irin naku, aka daidaita masa gefuna da injin yanka, aka huda aka sa zoben roba da bango mai sheƙi. Na buɗe na duba ƙasa, kalmar gindi babu ko ɗaya, duka sun tafi cikin shara. Garin neman gira an rasa ido. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifin Alhaji ba, wanda ya riƙe wuƙa shi ya kamata ya duba.

Lawali kuwa ya aiko cewa ba ya bayarwa. Muka hau mota muka tafi Zurmi ni da Malama, ina ta jera hujjoji a hanya, har da hadisin ilimi mai amfani. Muka same shi a zaure yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa ya ce, "Rabi, na san abin da yak kawo ku. Gadona na. Ku kun samu boko nai, kun samu sunanai. Ni wanga kaɗai nis samu, shi ma ku kai ma baƙi?"

Na gyara murya zan fara, Malama ta ɗan taɓa gefen tabarmata. Ta ce, "Ina jinka, Yaya." Daga nan ba ta ƙara ba. Ya yi magana tun hantsi har aka kira azahar. Ya faɗi yadda aka bar shi wurin kaka yana ƙarami don ya riƙe gona, yadda in baƙi sun zo akan nuna 'yan boko a manta da shi, yadda bai san mahaifinsa da kyau ba sai a bayan babur a shekarar nan. Ba ta kare kowa ba, ba ta roƙe shi ba. Muka ci tuwo muka taso hannu wofi. A mota na ce mata mun yi asarar tafiya, ta ce ita ba ta gani haka ba.

Muka koma kan kason Alhaji, aikin da ya fi cin rai. Na warware zoben, na liƙe hujojin da siraran takarda ɗaya bayan ɗaya. Tunda babu kalmar gindi, dole a bi ma'ana. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta zauna ta karanta layin ƙarshe na shafi da ƙarfi, mu shiga laluben wanda zai iya bin sa. Na Turanci ta iya da su don darasi ne, yana da tsari. Hirarrakin ne suka gagare mu, domin mai baƙin ciki ba ya magana a jere, yana cikin zancen shanu sai ya koma zancen uwarsa. Gero ya fitar da kai muna nan muna fama.

Wata ranar kasuwa sai ga Lawali a ƙofar shago, wai ya kawo wake ya ce bari ya gaisa. Ya zauna a bakin benci, ba ya kallon takardun. Malama na karanta hirar wani makiyayi, ta haɗa ta da wani shafi tana shakka. Sai muka ji ya ce, "Ba nan ba. Da yag gama zancen saniyar nan shiru yay yi, har Baba yam miƙa mishi ruwa. Sannan yaf fara zancen ɗiyatai da ta ɓace." Muka duba, ga shafin zancen ɗiyar can a wani tsibi, ya zauna daram. Shi ne fa ke tsaye riƙe da babur a duk hirarrakin da aka yi da masu gudun hijira, kome a kunnensa aka yi.

Daga ranar duk kasuwa sai ya zo, daga baya ma ba ya jiran kasuwa. Ita tana karantawa, shi yana cewa gaba ko baya, ni ina jerawa. Wani lokaci su manta da ni su shiga tuna mahaifinsu, in yi ta jan zare a kaki ina jiransu. Ran nan da safe ya sauke buhu daga babur, a ciki ga kasonsa a naɗe cikin rawanin Farfesa, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Bai yi wani jawabi ba, cewa ya yi, "Baba Isa, ka yi mishi bango na hwata, ba na roba ba."

Takardar warwaro ba ta da ninkin da allura za ta bi, don haka kaɗan-kaɗan ake ɗauka, a huda gefe da basilla, a ɗinka, sannan a haɗa ɗauri da ɗauri a kan tsirin yadi, a shafa koko, a sa a matsi ya kwana. Haka na yi ta yi har aka fara yankan gero, littafi na bin littafi. Ban kai wuƙa gindin ko ɗaya ba, shi ya sa in kun gan su ba su da kyan gefe irin naku. Saura na ƙarshe, wanda a ciki Farfesa ke tattara abin da ya fahimta daga masu gudun hijira. Muka bi shi lafiya har shafin da ke bayanin cewa wanda aka raba da gidansa ba abinci kaɗai yake nema ba, yana neman wanda zai tambaye shi ko shi wane ne kafin wannan rana. A gindin shafin ga kalma a lungu, "sannan". Muka nemi shafin da ya fara da ita, babu.

Muka zazzage kwalaye, muka sake bin kason Alhaji ganye-ganye, Malama ta koma gida ta ɗaga katifu. Ga mai karɓa ya aiko yana tafe cikin mako. Hankalinta ya tashi, domin ta yi alkawarin cikakke, kuma ba ta san ko shafi ɗaya ne ya ɓata ko babi guda ba. Na ga tana satar kallon yayanta, na san abin da ke ranta, don ni ma ya zo mini. Mutumin da ya ƙi bayarwa da fari, me zai hana ya rage wani abu don albarka? Zumuncin da aka sha wuya aka ɗinka ya fara neman warwarewa a gabana.

Ranar da Lawali ya zo ta kasa haƙuri. Ta ce, "Yaya, don girman Allah, in ka aje saura ka hwaɗi. Ba ni jin haushi, a kwafa a maido maka."

Bai yi fushi ba. Ya ce ta karanta mishi shafin. Ta karanta har ƙasa, har kalmar. Ya dubi takardar ya ce:

"Babu saura, Rabi. Ina nan zaune yar rubuta wagga kalma. Yac ce in kawo mishi sabuwar takarda daga kanta. Kahin in juyo alƙalami ya hwaɗi ƙasa. Daga nan sai asibiti."

Malama ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kaina sai da na cire tabarau na goge, kuma na ji kunyar zaton da na yi masa.

Can ta ce, "To yanzu mi za mu ce ma mutanen jami'a? Cikakke sunka ce."

Lawali ya sa hannu a aljihun gaba na rigarsa ya fito da farar takarda a ninke, ta yi laushi don daɗewa a jiki, babu ko ɗigon tawada a kanta. Ya warware ta a kan teburin nan, ya bi ninkin da tafin hannu, ya ɗora ta a bayan shafin ƙarshe.

"Ita ta wadda yac ce in kawo," in ji shi. "Ban samu na ba shi ba. Baba Isa, ɗinka da ita."

Na ɗauki basilla na huda su tare.